Amfanin Duban Layi Goma Na Fari

Na roƙi Edita ya ba ni ɗan fili cikin wannan mujalla tamu domin in yi magana a kan wani abu ƙanƙane, wanda na san waɗansunku za su ce bai isa a ɓata masa tawada ba. Abin nan kuwa wani umarni ne da a ke ba kwamfuta, mai baƙaƙe huɗu tak, sunansa head, watau kai da Turanci. Aikinsa guda ɗaya ne. Ka nuna masa fayil, ya nuna maka layi goma na farkonsa, sa'an nan ya yi shiru. Abokan kwanana sun daɗe suna yi mini dariya a kansa. In sun shigo ɗakin kwamfuta sun tarar da ni gaban baƙin allon nan wanda ba hoto ba ado, sai su ce, "Ga malamin duhu can ya shiga kogonsa." Ban ji haushi ba, gama da ni ma haka na ke ganin masu wannan aiki. Amma yanzu ra'ayina shi ne, bai kamata a ba ɗayanmu takardar shaidar malanta ba sai ya iya wannan umarni da 'yan'uwansa guda biyu, kuma zan faɗi dalilina.

Da fari bari in bayyana abin ga wanda bai taɓa gani ba. Hanya biyu a ke yi wa kwamfuta magana. Ta ɗaya ita ce wadda kowa ya sani, a kama linzami, a nuna hoto, a danna. Ta biyu ita ce ta mutanen da, wadda har yau masu kula da manyan injuna ba su bari ba. A kan buɗe wata taga wadda ba kome cikinta sai 'yar alama mai ƙyaftawa, a rubuta umarni da baƙaƙe, amsa kuma ta fito a rubuce. To, a ce kana da fayil na makin yara mai suna maki.csv. In ka rubuta

head maki.csv

sai layi goma na fari su bayyana. In goma sun yi maka yawa, uku ka ke so, sai ka rubuta

head -n 3 maki.csv

In kuwa fayil uku ko huɗu ka ba shi gaba ɗaya, zai nuna maka kan kowanne, ya ɗora sunan fayil ɗin a bisa tsakanin waɗansu alamu masu kama da kibiya, domin kada ka ruɗe. Iyakar ilminsa ke nan wanda malami ke bukata, ba ya kai minti biyar a koya. Yana nan cikin kowace kwamfuta mai Linux, yana nan cikin na Apple. Masu Windows kuma suna da makamancinsa cikin PowerShell, inda a ke rubuta Get-Content da sunan fayil, a bi shi da -TotalCount 10.

Yanzu ga abin da ya juya mini ra'ayi. Bara, sa'ad da aka tura mu gwajin koyarwa, na faɗa wata makaranta wadda ba zan ambaci sunanta ba, aka ba ni aji mai yara 48. Da ƙarshen zango ya zo, malamin ajin ya ga ni saurayi ne mai ɗan sanin kwamfuta, sai ya danƙa mini aikin fitar da takardun sakamako. Na yi murna ƙwarai, na ga abin yabo ya zo. Aka ba ni fayil ɗin makin daga ofis, na zuba shi cikin 'yar manhajar da makarantar ke aiki da ita, na danna, takardu suka fito tsaf, na kai wa hedimasta ya sa hannu. Ban buɗe fayil ɗin ba, ban kuwa ƙirga takardun ba.

Ashe manhajar nan an gina ta ne a kan cewa layin farko na kowane fayil kanun gidaje ne, watau inda a ke rubuta "suna, Hausa, lissafi" da sauransu, saboda haka kullum tsallake shi ta ke yi. Wannan fayil kuwa ba shi da kanu, wani ya riga ya share su. Layinsa na fari yarinya ce, wadda sunanta ya fara da baƙin A. Manhaja ta tsallake ta. Ranar hutu kowa ya karɓi takardarsa, ita kaɗai ta koma gida hannu wofi.

Kashegari ubanta ya zo, manomi ne dattijo, yana riƙe da hannunta, idanunta sun kumbura. Ya ce mini, "Malam, gaya mini gaskiya, yarinyar nan ta zauna jarrabawa, ko kuwa kuɗin da na ba ta ta kai wani wuri?" Ya ce ya riga ya yanke shawara ba za ta koma makaranta ba, gama hatsi ya sayar ya biya. Na ce, "Baba, ka yi mini haƙuri in duba." Na ɗauko takardun jarrabawar na hannu, ga nata a ciki, ta kuwa ci sosai, tana cikin biyar na gaba a ajin. Na durƙusa na roƙi gafara wurin dattijon nan da 'yarsa. Ya yafe, ya bar ta ta ci gaba da karatu. Amma daren da ta kwana ana tuhumarta da cin kuɗin ubanta ba wanda zai mayar mata da shi, kuma ni na jawo.

Da na komo kwaleji na ba wani malaminmu labari. Bai yi mini faɗa ba. Ya karɓi fayil ɗin, ya buɗe baƙin allo, ya buga baƙaƙen nan huɗu, ya juyo mini da fuskar injin, ya ce, "Ɗana, karanta mini layin farko." Na karanta, ga sunan yarinyar zaune inda kanu ya kamata su kasance. Ko daƙiƙa biyu abin bai ɗauka ba. Tun daga ran nan ban ƙara zuba fayil cikin wata manhaja ba sai na dubi kansa.

Da na shiga binciken asalin abin sai na tarar mutanen da suka ƙago shi talaucin kayan aiki ne ya koya musu, irin wanda mu ma mu ke fama da shi. A shekarar 1969 Ken Thompson da Dennis Ritchie suka fara gina tsarin nan da a ke kira Unix, a ɗakin binciken kamfanin tarho na Bell da ke jihar New Jersey ta Amurka. A zamanin nan yawanci ba a allo kwamfuta ke ba da amsa ba, a takarda ta ke bugawa, da wani inji mai kama da tafireta, sunansa Teletype, wanda ƙarfinsa baƙi goma ne cikin daƙiƙa ɗaya. Ku yi lissafin da kanku, tun da mu masu koyar da lissafi ne. Fayil mai layi 1,000, kowane layi baƙi 60, ya zama baƙi 60,000. A baƙi goma kowace daƙiƙa, sai an yi awa ɗaya da minti 40 ana bugawa, ga asarar takarda. Layi goma kuwa minti ɗaya ne. Wanda ke zaune gaban irin wannan inji dole ya koyi tambayar kansa ko duka ya ke bukata ko kaɗan ya isa.

Da aka sami injuna masu allo wahalar ba ta ƙare ba, kama ta sāke. Allon zamanin layi 24 ya ke ɗauka. In ka ce a nuna maka dogon fayil, sai rubutun ya yi ta gudu sama kamar ruwan kwari, in ya tsaya ƙarshen kaɗai ka ke gani, farkon ya wuce. A cikin wannan hali ne wani ɗalibi na Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley, mai suna Bill Joy, ya rubuta head a shekarar 1977, yana da shekara 22. Shi ne kuma ya rubuta manhajar gyaran rubutu da a ke kira vi, daga baya ya zama ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa kamfanin Sun Microsystems a 1982. Ina so ku lura da shekarunsa, sa'anmu ne. Haka kuma Linus Torvalds yana ɗalibi a Helsinki ta ƙasar Finlan, yana da shekara 21, ya fara Linux a 1991. Don haka kada wani ya ce mini baƙin allo sai tsofaffin injiniyoyi.

To, me mutum zai gani cikin layi goma har da zan cika ku da surutu haka? Hausawa sun ce Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba a ke gane ta, kuma a kan fayil maganar nan gaskiya ce fiye da yadda ku ke zato, gama masu tsara fayiloli da gangan su ke ajiye shaidar kowane iri a farkonsa.

Abu na fari, za ka ga ko akwai kanu ko babu, da yadda aka jera gidajen, ko makin lissafi ne a gida na biyu ko na Turanci. Za ka ga kuma abin da aka raba gidajen da shi. Yawanci waƙafi ne, amma a ƙasashen da ke rubuta lissafi irin na Faransa, inda waƙafi ke tsayawa a matsayin ɗigon da mu ke sa wa ɓangaren lamba, sau da yawa da waƙafi mai ɗigo a ke rabawa. In wani abokin aiki ya aiko maka da fayil daga Nijar ko Kamaru ka zuba shi ba dubawa, kana iya ganin dukan layi ya dunƙule cikin gida ɗaya.

Abu na biyu, za ka gane ko fayil ɗin shi ne abin da sunansa ya ce. Suna ba shaida ba ne, kowa na iya sāke shi. Amma kowane fayil na PDF da alamar %PDF ya ke farawa. Fayilolin Word da Excel na zamani, masu ƙarewa da docx da xlsx, a gaskiya ƙunshi ne irin na zip, da baƙaƙe biyu PK su ke farawa, waɗanda su ne farkon sunan Phil Katz, mutumin da ya ƙago wannan ƙunshi. Fayil kuwa wanda ya fara da alamar #! jerin umarni ne da kwamfuta za ta aikata. In wani ya aiko maka da abu ya ce jerin sunayen yara ne, ka dubi kansa ka ga wannan alama, ka san ba abin da ya faɗa ba ne, sai ka yi hattara. Domin irin wannan duba akwai head -c, wanda ke ƙirga bayit maimakon layi. In ka rubuta head -c 4 za ka ga bayit huɗu na fari kaɗai.

Abu na uku ya shafe mu musamman, mu masu koyar da Hausa. Tsarin da yawancin duniya ke ajiye rubutu da shi yanzu sunansa UTF-8, wanda Ken Thompson ɗin nan da Rob Pike suka tsara a 1992. A cikinsa kowane baƙin Turanci bayit ɗaya ya ke ci, amma baƙaƙenmu masu lanƙwasa, ɓ da ɗ da ƙ, kowanne bayit biyu ne. In fayil ya bi ta hannun wata tsohuwar manhaja wadda ba ta san wannan tsari ba, sai ta ɗauki bayit biyun nan kowanne baƙi dabam, ta ajiye su haka. Nan ne za ka ga kalmar ƙasa ta koma Æ™asa. Wanda ya dubi layi goma na fari zai ga ɓarnar tun bai buga takarda ɗari biyu da sunayen yara a lalace ba. Sai dai a kula, tun da head -c bayit ya ke ƙirgawa, yana iya yanke ƙ a tsakiya, rabi ya fito rabi ya saura, a ga wata alama maras ma'ana a ƙarshe. Wannan ba lalacewar fayil ba ce, wurin yankan ne.

Na san abin da waɗansu za su ce, gama sun sha faɗa mini a ɗakin cin abinci. Za su ce, "In dubawa ce, me ya hana ka danna fayil ɗin da linzami ya buɗe cikin Excel ka duba?" Tambaya ce mai kyau, ga amsata.

Da fari, Excel ba ya nuna maka fayil yadda ya ke, yana nuna maka yadda shi ya fahimce shi. Ku gwada da kanku. Lambar wayar kowane uba a ƙasar nan da sifiri ta ke farawa, lamba goma sha ɗaya ce. Ku buɗe fayil ɗin csv mai lambobin iyaye cikin Excel yadda aka saba, za ku ga ya ɗauke su lambobin lissafi, ya zubar da sifirin gaba, sun koma goma. In kuka danna ajiyewa, ɓarnar ta zauna ke nan. Shi kuwa head karatu kaɗai ya iya, ba ya taɓa ko ɗigo. Abin da ke cikin fayil shi zai nuna maka, ba gyara ba kwalliya. Gani ya kori ji.

Na biyu, akwai maganar nauyi. Babbar manhaja sai ta haɗiye fayil duka kafin ta nuna maka wani abu. Ku da kuka san injunan ɗakin kwamfutarmu kun san abin da wannan ke nufi, mutum ya zauna yana kallon da'ira tana juyawa, man janareta yana ƙonewa, na bayansa suna jiran kujera. Amma head ɗan guntun farko kaɗai ya ke karantawa ya tsaya. Fayil mai layi miliyan da mai layi ashirin duk ɗaya ne a wurinsa.

Na uku, yana haɗuwa da 'yan'uwansa su yi aikin da ya fi ƙarfin kowannensu. Mutanen Bell, bisa shawarar Douglas McIlroy, sun sa wa Unix wata dabara a 1973 wadda a ke kira bututu, alamarta tsayayyen layi. Abin da ya fito daga umarni ɗaya sai ya bi bututu ya shiga na gaba. Akwai umarnin sort mai jera layuka. In ka sa shi ya jera yara daga mai maki mafi yawa zuwa ƙasa, ka zuba abin da ya fito cikin head -n 3, ga na ɗaya da na biyu da na uku sun fito. Akwai kuma tail, watau wutsiya, mai nuna layi goma na ƙarshe. In ka rubuta

head -n 20 maki.csv | tail -n 5

za ka sami layi na 16 zuwa na 20. Yaro da ya gane wannan ya gane wani abu babba game da tunani, watau a raba babban aiki ƙanana-ƙanana, kowane ƙarami a yi shi da kyau.

Akwai kuma masu suka daga wancan gefe, gwanayen da ke cewa head ma ɓata wuri ne, tun da wani tsohon umarni mai suna sed yana iya wannan aiki in an rubuta sed 10q. Gaskiya ne yana iyawa, har ma da mutanen Bell suka gina sabon tsarinsu mai suna Plan 9 ba su sa head a ciki ba. Ina girmama su, amma ni malami ne. Kalmar da yaro zai tuna bayan shekara biyar ita na ke so. Kai da wutsiya ko ɗan aji ɗaya ya san su.

Yanzu na zo ga suka mafi nauyi, wadda ba zan iya kawar da ita ba, kuma rashin gaskiya ne in ɓoye ta. Farkon abu yana ruɗi. Duk wanda uwarsa ta taɓa aikensa kasuwa sayen kwandon tumatir ya san manyan a sama a ke jera su, ruɓaɓɓun suna ƙasa. Layi goma masu kyau ba su ce layi na ɗari biyar yana da kyau ba. Wanda ya dubi kai kaɗai ya tafi yana murna yana iya yi wa rogo kallon kitse.

Ga misali wanda duniya ta sani. A shekarar 2020, lokacin annobar korona, hukumar kula da lafiyar jama'a ta Ingila ta wancan lokaci tana tattara sakamakon gwaji daga ɗakunan bincike tana zubawa cikin tsohon tsarin Excel mai ƙarewa da xls. Wannan tsari iyakarsa layi 65,536, alhali sabon da ya fito tun 2007 yana ɗaukar 1,048,576. Da fayil ya cika, sauran layukan sai suka zube ba wanda ya sani. Tsakanin 25 ga Satumba da 2 ga Oktoba mutum 15,841 da aka samu da cutar ba su shiga lissafi ba, aka kuwa yi jinkirin neman waɗanda suka yi cuɗanya da su. Da wani ya dubi kan fayilolin nan da ya ga kome lafiya lau. Ɓarnar tana wutsiya. Ni na yar da yarinya ɗaya daga sama, su sun yar da dubbai daga ƙasa, amma ciwon iri ɗaya ne, an ba inji amana ba a duba ba.

Saboda haka ne na ce tun farko head da 'yan'uwansa guda biyu. Na ɗaya shi ne tail, a ga ko fayil ya ƙare inda ya kamata, ko kuwa an yanke shi a tsakiyar layi. Na biyu shi ne wc -l, mai ƙirga layuka. Da na buga shi a kan fayil ɗina da ya ce 48, ni kuwa na san yara 48 da kanu ya kamata su ba da 49, da nan take na tsaya. Duba kai, duba wutsiya, ƙirga jimla. Ko ukun nan ba su tabbatar da cewa tsakiya lafiya ta ke ba, amma sun kama yawancin ɓarnar da ke samun irinmu, kuma gaba ɗayansu ba su cin rabin minti.

Akwai kuma abin da ba umarnin da zai yi maka. Na ce head -n 3 zai fitar maka da uku na gaba a aji. To, in na uku da na huɗu makinsu ɗaya fa? Injin ba ruwansa, layi uku aka ce masa, zai yanke a uku, yaro ɗaya ya hau dandamali ranar ba da kyauta, ɗayan ya zauna a ƙasa alhali ba a fi shi ba. Malami mai hankali sai ya nemi layi shida ko bakwai ya duba da idonsa kafin ya rubuta sunaye. Adalci aikinmu ne, ba a ɗora wa inji shi ba.

Sa'ad da na ke ƙaramin yaro a makarantar mishan, akwai wata tsohuwar malama da ba ta yarda mu fara karanta sabon littafi ba sai mun buɗe shafin farko mun faɗi sunansa, da wanda ya rubuta, da shekarar da aka buga, sa'an nan mu juya baya mu ga shafi nawa ne. Muna ganin ɓata lokaci ne, muna ƙunƙuni. Sai yanzu na gane abin da ta ke dasa mana. Mu ma a nan kwaleji an koya mana mu kira rajista kowace safiya, mu ƙirga takardun jarrabawa kafin yara su fita daga ɗaki, mu sa hannu a kan jimla. Duk wannan hali ɗaya ne. Abin mamaki shi ne da mun zauna gaban kwamfuta sai mu tuɓe shi mu ajiye a bakin ƙofa kamar takalmi, muna zaton inji ba ya kuskure. Inji kuwa ba ya kuskure wajen yin abin da aka gina shi ya yi, ko da abin nan tsallake 'yar wani ne.

Kada mu manta, aikin da ke jiranmu ba irin na malamanmu na da ba ne. Rajistar yara, makin jarrabawa, sunayen masu zana jarrabawar fita, lambobin iyaye, duk suna ta komawa cikin fayiloli. A ƙauyen da za a tura yawancinmu ba injiniya, ba kuwa wanda za a kira. Sabon malamin da ya fito daga kwaleji shi za a miƙa wa injin a ce, "Kai ne ɗan zamani." Haka aka yi mini. In hannunsa bai saba da dubawa ba, abin da ya same ni zai same shi, wataƙila kuma uban da zai zo masa ba zai zama mai haƙuri kamar dattijon nan ba.

Don haka ina roƙon shugabanninmu na kwaleji, cikin ladabi, a keɓe darasi ɗaya tak cikin zangon farko domin baƙin allo. Ba sai an sayi kome ba, injunan da mu ke da su sun isa. A ba kowane ɗalibi fayil uku waɗanda aka ɓata da gangan, ɗaya ba kanu, ɗaya an yanke masa wutsiya, ɗaya baƙaƙensa na Hausa sun lalace, a ce ya nemo aibin kowanne da umarnin nan uku. Wanda ya sha wannan darasi sau ɗaya ba zai manta ba. Ku kuma 'yan'uwana ɗalibai, kada ku jira sai an sa cikin jadawali. Duk mai so ya same ni a ɗakin kwamfuta ran Asabar da safe, zan nuna masa, har da masu kirana malamin duhu. Kome ƙanƙantar allura ƙarfe ce.

Na ji labari yarinyar nan tana nan tana karatunta, ta shiga aji na gaba. Ba na zaton ta san sunan abin da ya tsallake ta, ba kuwa lalle ta sani ba. Mu ne ya wajaba mu sani, gama mu za a ba amanar sunayen 'ya'yan mutane.

Iyakar abin da na ke da shi ke nan. Wanda ya ga na yi kuskure, fili na nan a fitowa ta gaba, ya gyara mini, zan karɓa da godiya. Allah ya bishe mu cikin aikin da mu ke shirin ɗauka, amin.